Agogo da Mayen Ƙarfe: Tarihin Wata Tsohuwar Gaba

A watan Satumba na 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta wutar lantarki a titin Pearl da ke birnin Niyok. Shekara guda kafin nan, kamfanin Siemens ya ɗora taragon lantarki a kan dogo a wata unguwa ta gefen Barlin. A tsakanin waɗannan shekaru ne masu gyaran agogo na manyan biranen Turai da Amurka suka fara ganin wata cuta da ta yawaita a teburinsu. Mutum zai kawo agogon aljihunsa mai tsada, bai faɗi ƙasa ba, ruwa bai shige shi ba, amma yana ta zuba gudu, kafin dare ya wuce lokaci da mintoci masu yawa. A buɗe, a wanke, a sa mai, a mayar masa. Jibi ya dawo da ƙorafin jiya. Sai an bi diddigin inda mai agogon yake wuni sannan bakin zaren yake bayyana: ko dai injiniyan lantarki ne, ko direban tarago, ko kuwa ɗan kallo ne da ya je ganin sabon injin da ake ta labari, ya tsaya daf da dainamo yana jinjina kai, agogo na aljihun falmaransa.

Dainamo maganaɗisu ne ƙato. Agogon wancan zamani kuwa, duk abin da ke riƙe masa lokaci da ƙarfe aka yi shi.

Sai an leƙa cikin agogo mai wani kafin a gane inda gizo ke saƙa. Babban sifirin da ake wanawa ƙarfi kawai yake tarawa, ba shi ne ke ƙidaya lokaci ba. Mai ƙidayar wani ɗan wili ne da ke juyawa dama, ya dawo hagu, ba hutu, kuma abin da ke dawo da shi kowane juyi wani siririn sifirin ne da bai kai kaurin gashin kai ba, an nannaɗe shi zagaye bayan zagaye, da 'yar tazara tsakanin kowane zagaye da maƙwabcinsa. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ne ya fito da wannan dabara a 1675, ko da yake Robert Hooke na Ingila ya yi ta husuma cewa shi ya riga shi. Tsawon wannan sifirin shi ne hukunci. In ya yi tsawo, wili ya yi kai-komo a hankali, agogo ya yi latti. In ya gajarta, wili ya yi sauri, agogo ya yi gudu. A agoguna masu wani da yawa na yau wilin yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a sakan ɗaya, na dā kuma sau 18,000. Idan maganaɗisu ya kama sifirin, zagayen da ke kusa da juna sai su riƙa jan juna, wani lokaci biyu ko uku su manne. Inda suka manne ya fita daga aiki ke nan, sifirin ya gajarta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shi ya sa alamar da aka fi sani ita ce gudu. Amma ba kullum ba: in kamun bai yi tsanani ba, ko kuwa wasu sassan ƙarfe ne suka kamu, agogo yana iya yin gudu yau ya yi latti gobe, ko ya canza hali gwargwadon yadda aka ajiye shi. In abin ya yi ƙamari, ya tsaya cak.

Masu jiragen ruwa sun riga kowa jin ƙishin-ƙishin ɗin wannan matsala. Su agogo ba ado ba ne a wurinsu, da shi suke lissafa inda suke a tsakiyar teku, kuskuren 'yan sakanni yana iya kai jirgi kan dutse. A 1820 George Fisher, masanin taurari da ya bi wani ayarin jiragen Ingila zuwa tekun ƙanƙara na arewa a 1818, ya rubuta cewa agogunan jirgi suna canza tafiya da zarar an ɗauke su daga tudu an shigar da su jirgi, ya kuma ɗora laifin a kan ƙarafan jikin jirgin. An yi ta jayayya a kan bayanin nasa, amma ya sa maƙera agogo sun fara neman abin da za a yi sifirin da shi wanda ba ƙarfe ba. An gwada zinariya. Arnold da Dent na Landan har gilashi suka gwada a shekarun 1830, ya kuma yi aiki, sai dai wahalar yi da saurin fashewa sun hana shi zama abin kasuwa. A riƙe wannan gilashin a rai, zai dawo bayan shekara ɗari da saba'in cikin wata kama.

Da lantarki ya shigo gari, matsalar ta tashi daga ta matuƙan jirgi ta zama ta kowa, kuma cikin shekaru kaɗan aka fito da amsoshi guda uku. Abin mamaki, ga agogo mai wani har yau ba a ƙara ta huɗu ba.

Wani mai gyaran agogo a Janiba, Charles-Auguste Paillard, ya daɗe yana neman maganin tsatsar da iskar teku ke sa wa sifirin. A shekarun 1870 ya dace da gamin ƙarfen faladiyam da ba ya tsatsa, sai ga shi maganaɗisu ma ba ya kama shi. Neman wani abu ya kai shi ga wani. A shekarun 1880 aka kafa kamfani sukutum, Non-Magnetic Watch Company, don sayar da agoguna masu irin sifirinsa a Amurka. Wannan ita ce hanyar canza kayan ciki. A Shikago kuwa, wani dillalin agogo mai suna Giles ya bi ta wata hanyar: ya bar cikin agogo yadda yake, ya yi masa kwanso na baƙin ƙarfe da zai tare shi daga waje. Ta uku ita ce a bar agogo ya kamu, sannan a warkar da shi. Wanda ya ƙera ɗaya daga cikin injunan farko na wannan aiki, a farkon shekarun 1880, shi ne Hiram Maxim, injiniya a wani kamfanin fitilun lantarki a Niyok. Injin nasa yana juya maganaɗisu, yana juya agogo, yana kuma nisanta su da juna sannu a hankali. Sunan Maxim ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar nan, don shi ne dai ya koma Landan ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta a 1884, irin wadda sojojin Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Hannun da ya warkar da agogo shi ya ƙera ta.

Faladiyam yana da tsada, kuma bai kai ƙarfe daɗin aiki ba. Wanda ya buɗe babbar ƙofa shi ne Charles Édouard Guillaume, ɗan gidan maƙera agogo daga garin Fleurier na Suwizalan, wanda ya yi rayuwarsa yana aiki a ofishin ma'aunai na duniya da ke Sèvres kusa da Faris. Shi ma ba maganaɗisu ya sa a gaba ba, zafi da sanyi ne damuwarsa. A 1896 ya gano cewa ƙarfen da aka gama da nikel kashi 36 cikin ɗari kusan ba ya miƙewa in ya ji zafi, aka sa masa suna Invar. Daga baya ya fito da Elinvar, wanda taurinsa ba ya canzawa da yanayi, kuma wannan shi ne abin da sifirin agogo yake buƙata. A 1920 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks. Riba ta biyu da aka samu ita ce irin wannan gami bai cika riƙe maganaɗisu kamar tsohon ƙarfe ba. Kamfanin Hamilton na Amurka ya sa shi a agogunan ma'aikatan jirgin ƙasa tun farkon shekarun 1930. A 1930 Tissot ya fito da agogon hannu da aka yi shi takanas don jure maganaɗisu, aka sayar da shi da yawa. A 1933 kuma Reinhard Straumann ya kammala gamin da ake kira Nivarox, wanda ya mamaye masana'antar Suwizalan har aka kai lokacin da kusan duk agogo mai wani da ya fito daga can da shi yake bugawa.

A nan akwai wani ƙulli da masu talla ba sa son faɗa. Abin da ya sa waɗannan gami ba sa damuwa da zafi yana da nasaba da ɗabi'ar maganaɗisu da ke cikin ƙarfe da nikel ɗin kansu. In an cire wannan ɗabi'a gaba ɗaya, matsalar zafi ta dawo. Saboda haka Nivarox sauƙi ya kawo, bai kawo waraka ba. Agogon da aka rubuta wa cewa yana jure maganaɗisu bisa ƙa'idar ISO 764, abin da ya yi alkawari kaɗan ne: bayan an sa shi a maganaɗisu mai ƙarfin gaus 60 ko kusa da haka, zai ci gaba da tafiya, kuma kuskuren da ya ƙaru ba zai wuce sakan 30 a rana ba. Maganaɗisun duniya kanta, wanda ke juya allurar kamfas, bai kai gaus ɗaya ba, don haka sittin kamar da yawa ne. Ba yawa ba ne. Ɗan maganaɗisun da ke rufe bakin jaka ya fi haka nesa ba kusa ba in an manna agogo a jikinsa.

Da yake kayan ciki sun kai iyakarsu, sai aka koma ga dabarar kwanso. Yaƙin duniya na biyu ya cika jiragen sama da na'urorin rada da rediyo masu manyan maganaɗisu, ga kuma mai lissafin hanya da ke dogara da agogon hannunsa. A 1948 aka tsara wa rundunar sojan sama ta Ingila agogon da ake kira Mark 11, kamfanonin IWC da Jaeger-LeCoultre suka ƙera. Injin agogon yana zaune cikin akwati na tsantsar baƙin ƙarfe mai laushi: murfi a baya, zobe a gefe, fuskar agogon kanta ita ce murfin gaba. Mutane da yawa suna zaton wannan akwati toshe maganaɗisu yake yi. Ba abin da ke toshe shi. Aikin akwatin irin na kwata ne da ake haƙawa a zagaye gida da damina: ba ta hana ruwa zuwa, hanya mai sauƙi take ba shi ya bi ta gefe ya wuce, ɗaki ya zauna a bushe. Baƙin ƙarfe mai laushi yana jan maganaɗisu ya bi ta jikinsa, kuma da zarar an bar wurin sai ya sake shi, ba ya riƙewa kamar ƙarfe mai tauri. Amma akwatin ba ya son ɓula. Shi ya sa irin waɗannan agoguna galibi ba su da tagar kwanan wata, ba a yi musu bayan gilashi, ga kauri ga nauyi.

Shekarun 1950 zamanin injiniya ne da masanin nukiliya, kamfanoni kuma suka yi rububin yi musu agogo. IWC ya fito da Ingenieur a 1955, Rolex ya biyo da Milgauss a 1956, mai jure gaus 1,000, da hannun sakan da aka lanƙwasa kamar walƙiya, aka kuma danganta shi da masanan cibiyar CERN da aka kafa a Janiba a 1954. Omega ya kawo Railmaster a 1957, Patek Philippe da Jaeger-LeCoultre suka kawo nasu a 1958. Kasuwa ba ta karɓe su da hannu biyu ba. Injiniyoyin da aka yi dominsu ba su da yawa, sauran jama'a kuma ba su ga dalilin ɗaukar nauyi a hannu ba. Milgauss ya yi ta jan ƙafa har aka daina yin sa a 1988. Rashin kasuwar nan ne ya sa tsofaffinsu suka yi ƙaranci, yau masu tara agogo ke sayen su da kuɗin gida.

Kafin nan ma wata guguwa ta riga ta share fagen. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da Astron, agogon hannu mai batir da ke ƙidaya lokaci da girgizar ɗan dutsen kwaz. Babu wili, babu siririn sifirin, saboda haka babu abin da zai manne. Mai hannaye a cikinsu yana da ɗan mota mai maganaɗisu da ke tura hannun sakan, kuma in ya shiga maganaɗisu mai ƙarfi yana iya tsayawa ko ya yi tsalle, amma da an janye shi yakan ci gaba da tafiya, saiti kawai za a gyara. Mai lamba kuwa, irin Casio F-91W na 1989 da ya cika kasuwanninmu, kusan ko a jikinsa. A taƙaice, talaka ya samu da 'yan kuɗi kaɗan abin da masu kuɗi suka yi shekara tamanin suna nema.

Da labarin ya ƙare a nan, amma abu biyu suka faru a shekarun 1980. Agogo mai wani ya farfaɗo a matsayin kayan ƙawa da gado. Sannan Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da John Croat a General Motors na Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka gano maganaɗisun niyodimiyam, aka bayyana shi a wajen 1983 zuwa 1984. Ɗan ƙanƙane ne, ga ƙarfin tsiya, ga araha. A zamanin Edison sai mutum ya taka zuwa tashar lantarki kafin agogonsa ya kamu. Yanzu abin yana cikin sifikar wayar hannu, da abin saurare na kunne, da murfin kwamfutar tafi-da-gidanka, da rigar waya mai mannewa, da maɓallin jakar mata. Wanda ya kwance agogo da dare ya ɗora shi a kan waya, ko a kan sifikar rediyo, ya kai shi inda injiniyan 1885 yake gudun kai nasa.

Sai aka koma ga hanyar Paillard da sababbin kayan aiki. IWC ya gwada a 1989 da sifirin na niyobiyam da zakoniyam, agogon ya jure fiye da gaus 6,000 ba tare da akwati ba, amma wahalar ƙera sifirin ta sa ba a daɗe ana yi ba. Rolex ya ci nasara da dangin wannan gami a 2000, ya kira shi Parachrom. A 2001 Ulysse Nardin ya sa sassan silikon a agogonsa Freak, sannan Patek Philippe da Rolex da rukunin Swatch suka haɗa kai da cibiyar bincike ta CSEM da ke Neuchâtel don yin sifirin kansa da silikon. Ga gilashin Arnold da Dent ya dawo: silikon ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba shi da abin kamawa a jikinsa, kuma siririn rufi na sinadarin gilashi da ake yi masa shi ke maganin zafi da sanyi. Patek ya fito da nasa a 2006, Omega a 2008, Rolex a 2014. A 2013 Omega ya nuna agogon da ke jure gaus 15,000 babu akwati, bayansa ma gilashi ne, kuma daga 2015 hukumar ma'aunai ta Suwizalan, METAS, ta fara ba da shaida a kan wannan adadi. Gaus 15,000 shi ne ƙarfin na'urar MRI da aka fi samu a asibitoci. A ganina rabin wannan tsere fariya ce, don ba asibitin da zai bar mutum ya shiga na'urar da agogo a hannu. Abin da ya fi amfanar mai saye shi ne sifirin Nivachron da aka bayyana a 2018, na gamin taitaniyam, wanda ya sauko har kan agoguna masu matsakaicin farashi.

Duk wannan bai shafi miliyoyin agogunan da suka riga suka shiga hannun jama'a ba, irin Seiko 5 da Orient da tsofaffin Rado da alhazai suka riƙa dawowa da su tsaraba daga Makka, da ake gada daga uba zuwa ɗa. Su maganinsu na Maxim ne, kuma shi ya fi kowane araha.

Gwajin ba ya buƙatar buɗe agogo. Kamfas ya isa, har irin na neman alƙibla. A ajiye shi a kan tebur na katako, a bar allura ta natsu, a kawo agogo a hankali ta sama, a riƙa juya shi. Kusan kowane agogo mai ƙarfe a ciki zai ɗan motsa allura, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne allura ta fizga da ƙarfi, ta bi agogo, ko kuwa gefe ɗaya na agogon ya jawo ta, ɗaya gefen ya kore ta. Mai gyaran da ke da na'urar sauraron bugun agogo zai ga layin ya miƙe sama, ko ya watse babu tsari. In ya buɗe baya ya sa gilashi a ido, yana iya ganin zagayen sifirin suna haɗuwa suna rabuwa ta gefe ɗaya maimakon su buɗe su rufe bai ɗaya.

Na'urar cirewar ba wani abin a zo a gani ba ce: waya ce da aka nannaɗe, wutar gida na bi ta cikinta. Da yake wutar tana kai-komo sau hamsin a kowane sakan, maganaɗisun da na'urar ke yi shi ma yana ta juyawa. Mai gyara ya ɗora agogo, ya danna maɓalli, ya janye agogon a hankali har tsawon hannu, sannan ya saki maɓallin. Yayin da agogo ke nisa, kowane juyi yana zuwa da ƙarfin da bai kai na bayansa ba, har abin da ya rage a ƙarfen ya zama kusan babu. Sirrin duka yana cikin jinkirin nan da kuma lokacin sakin maɓalli. Wanda ya saki tun agogo na kan na'ura, yana iya ƙara masa maganaɗisu maimakon ya cire. Aikin bai kai minti ɗaya ba, wani lokaci a maimaita bayan an juya agogon ta wani gefe.

Ɓarnar da ta fi yawa a teburin gyara ba daga maganaɗisu take zuwa ba, daga gaggawa take. Mai agogo ya ce, "Malam, agogon nan gudu yake yi." Mai gyara ya ɓalle baya, ya tura 'yar sandar saiti wajen latti, ya ce, "Je ka gwada, Alhaji." Ciwo yana nan, an dai rufe shi, kuma ranar da zagayen suka saki juna sai agogo ya koma latti mai tsanani. Wani kuma ya kai hantsaki kan sifirin da niyyar raba zagayen, ya lanƙwasa shi, ƙaramin aiki ya zama babba. Sau da yawa ma kayan aikin ne ke ɗauke da cutar: sukundireban da ƙananan kusoshi ke maƙale wa a baki ya kamu, kuma duk abin da ya taɓa zai shafa masa. Shi ya sa ƙwararru ke wuce kayan aikinsu ta na'urar a kai a kai, suke kuma riƙe sassa masu laushi da hantsakin tagulla. Agogo mai batir da hannaye ba a ɗora shi a kan wannan na'ura, don motarsa da maganaɗisu take aiki, raunana shi kashe agogon ne.

In an cire maganaɗisu, kamfas ya daina fizga, amma agogo bai bar gudu ba, to a duba mai. Ɗigon mai da ya ɓata hanya ya sauka a kan sifirin yana manne zagayen daidai yadda maganaɗisu ke yi, haka ma buguwa mai ƙarfi tana iya sa zagaye ɗaya ya hau kan wani ya sarƙe. Na farko wanki yake so, na biyu kuma hannun wanda ya iya, kuma kuɗin kowannensu ya fi na danna maɓalli.